Inda Kwalta Ta Ƙare

Yayana Hipolito ya yi shekara ashirin da biyu yana tuƙa tasi a São Tomé kafin idonsa ya fara ba shi matsala. Daga gefe abin ya soma. Yana ganin abin da ke gabansa tar, amma mai keke ko akuyar da ta ɓullo ta dama ko ta hagu ba ya ganinsu sai sun shigo tsakiyar titi. Bai gaya wa kowa ba. Ranar da ya ture wata mai tallar ayaba a kwanar Madre Deus har ta karye a hannu, mai motar ya karɓe makullinsa a gaban jama'a. Likita ya haska idon ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya ci fiye da rabi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya rubuta masa maganin ɗigawa safe da yamma, ya ce in bai yi wasa da shi ba zai iya riƙe sauran ganin na wasu shekaru.

Ni ce autar gidanmu, sunana Ermelinda. A lokacin shekarata arba'in da ɗaya, mijina ya rasu, 'yata guda tana aure a Príncipe, ni kuma tun ina budurwa nake da teburin kifi a kasuwar birni. Matar Hipolito ta tafi Luanda fatauci shekara tara da suka wuce, ba ta dawo ba. 'Ya'yansa biyu suna Lisbon. Ni kaɗai na rage masa a kusa.

Wata Alhamis ina cikin kankare ɓawon kifi sai ga shi da jakunkunan goyo guda biyu da ya tsinto a wurin 'yan gwanjo. Ya jefa su a gabana.

"Auta, zaɓi ɗaya. Ja ko shuɗiya?"

"Makaranta za ka mai da ni da tsufana?"

"Tsibirin nan za mu zagaya. A ƙasa."

Matan da ke kusa da teburina suka fashe da dariya. Ɗaya ta ce, "Sum Hipolito, mutumin da ko shagon taba da mota yake zuwa!" A wurinmu Sum ake ce wa namiji don girmamawa, mace kuma San.

Bai kula ta ba. Ya ce mini, "Shekara ashirin da biyu ina kai mutane Santa Catarina in juyo. In kai su Porto Alegre in juyo. Tsakanin garuruwan nan biyu akwai ƙasa, Auta, ba titi, ban taɓa sa ta a idona ba."

"Ƙungurmin daji ne da kumurci. Me za mu ci a hanya, iska?"

"Ba mu da hannu? Inda muka sauka mu yi aiki, a ba mu abinci da wurin kwana. Turawan nan masu zuwa da jaka a baya ba haka suke yi ba? Su da ba ma ƙasarsu ba."

"Su ai idonsu lafiya lau."

Maganar na fita na so in kamo ta. Ya sunkuya yana lalubar igiyar jakunkunan, ya ɗauki duka biyun.

"Litinin zan tashi," ya ce, ya juya ya tafi, kafaɗarsa ta bugi ginshiƙin rumfa.

Wannan bugun ginshiƙin ne ya sa na bi shi. Na bar teburina a hannun maƙwabciyata, na ce mata wata ɗaya ne.

Muka tashi a farkon gravana, sanda ruwa ke ɗaukewa, muka nufi arewa. Kwana biyun farko ƙafafuna suka yi bororo, na zage shi tun daga Guadalupe har bakin teku. Shi kuwa sai tsiya yake mini.

"Yi sauri mana, mai ƙarnin kifi. Kuliyoyin garin nan duk sun biyo mu."

"Ka ji direban da ba mota. Danna mini oda in kauce."

A Lagoa Azul, wani lungun teku mai shuɗin ruwa, ya tsaya ƙarƙashin kukoki ya fi awa ɗaya. A nan na fara lura da yadda yake kallo. Ba ya iya ɗaukar wuri gaba ɗaya, sai ya juya kansa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ya ce ya wuce nan da fasinja sau dubu, bai taɓa sanin ana hango duwatsun ƙarƙashin ruwan ba.

Aikinmu na farko a wata tsohuwar gonar koko ne a kan tudu, kafin a kai Neves. Helman leburorin, Sum Gervasio, ya dube mu sama da ƙasa, ya ba mu ɗaki a tsofaffin gidajen ma'aikata da adda guda guda. Aikin fasa koko ne: a ɗora ƙwallon a tafin hagu, a sare shi da adda, a kwarfe farin 'ya'yan a bokiti. Ni da na saba da wuƙa kafin azahar na kamo matan wurin. Hipolito kuwa a kwana na uku addar ta sauka a gindin babban yatsansa. Jini ya ɓata rabin bokiti.

Sum Gervasio ya zo ya tsaya a kansa, ya kaɗa hannu ta gefen fuskarsa. Yayana bai ƙifta ba.

"San Ermelinda, makaho kika kawo mini na ba shi adda?"

"Yana gani, ranka ya daɗe. Tsautsayi ne."

"Yana gani ta ina? Ku kai shi wurin shanya, ya riƙa juya koko da tsofaffi."

Kwana tara ya yi yana jan katako a kan shanya tare da wasu tsofaffin mata biyu, yatsa a naɗe da tsumma. Ba ya magana a wurin aiki. Amma da yamma sai ya ja ni mu hau bayan gonar, ya kalli gajimare yana sauka a kan dutsen Pico har ya rufe shi. Daga nan ya zauna, ya ɗaga kai sama, ya ɗiga maganinsa.

Dole in faɗi wani abu a kaina, don in ban faɗa ba labarin bai cika ba. Ni tafiyar nan daɗi take mini. Tun ina shekara goma sha shida ban taɓa tashi da safe ba tare da fargabar kifin jiya ya lalace ba. Yanzu ga ni ina tashi babu abin da ke jirana sai aikin ranar, in an gama an gama. Ciwon bayana ya tafi. A Neves, inda muka yi mako guda shi yana jan taru da masunta ni ina sa wa kifi gishiri, na shiga teku na yi iyo da rana tsaka kamar yarinya, har matan garin suna nuna ni. Ko da ya faɗa kwata a gaban shagon giya mutane suka yi ta ihu suna cewa tun da safe ya sha bammi, na ɗaga shi, na wanke masa gwiwa, na yi baƙin ciki na awa ɗaya, sannan daɗina ya dawo.

Muka isa Santa Catarina a mako na biyar. Wata ɗayan da na yi alkawari ya riga ya wuce. Wata dattijuwa mai bandar kifi, San Nazare, ta ɗauke mu. Ni ina kan wuta tare da ita, shi yana faskaren ɓawon kwakwa yana kawo mana. Ta ba mu barandar bayan gidanta, kullum kuma akwai ayaba dafaffiya da kifi da manja. Tana son yayana, tana kiransa "mijina na birni", shi kuma yana ce mata in ta yarda ta daina warin hayaƙi zai kawo sadaki.

Wata safiya na ɗauki wandonsa zan wanke a rafi. Na zazzage aljihun, kwalbar maganin ta faɗo. Na ɗaga ta a rana. Babu komai a ciki. Na matsa ta, iska ce kawai ta fito. Bakinta ma ya bushe, alamar ba jiya ta ƙare ba. Na san kwalba biyu ya fito da su, na kuma ga ta farkon sanda ya jefar da ita a gonar koko.

Na daɗe a tsugune a bakin rafin. Daga inda nake ina jin yaron motar birni yana kiran fasinja. Tafiyar rabin yini ce, a je a dawo gobe. Na ce wa kaina ko na yi magana ba zai yarda ba, faɗa kawai za mu yi. Na ce wa kaina kwana huɗu ne a daji, me kwana huɗu za su ƙara. Gaskiyar kuwa na san in na taka birni, na ga teburina, ba zan sake fitowa ba. Na wanke wandon, na shanya, da ya bushe na mai da kwalbar aljihun da na same ta. Da yamma na ga ya zauna ya ɗaga kai sama, ya matsa busasshiyar kwalba a kan idonsa, har yana ƙifƙiftawa don in gani. Na juya na ci gaba da hura wuta.

San Nazare ce ta haɗa mu da Juvenal, wani maharbin aladen daji da ke ratsa dajin zuwa kudu sau biyu a shekara. Siriri ne, ba shi da haƙoran gaba, karnukansa biyu sun fi shi ƙiba. Ya ce zai tafi da mu in za mu ɗaukar masa gishiri da tukunya, a hanya kuma in taya shi gyaran nama. Ya dubi Hipolito ya ce, "Baba, dajin can ba ya son mai jan ƙafa."

"Kai dai ja gaba, ɗan samari. Na girme ka da shekara goma amma sai ka roƙe ni in tsaya."

San Nazare ta cusa mana bandar kifi a jaka. Ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, mutumin nan jiya na miƙa masa kofi, hannunsa ya wuce ta gefe. Kin tabbata?"

Na ce mata na tabbata.

Bayan gari kaɗan kwalta ta ƙare, sai tsohuwar hanyar dutse ta zamanin Turawa, ita ma ta bi ta shige cikin ciyawa ta ɓace. Hipolito ya tsaya a daidai wurin da ya saba juya mota, ya buga ƙafa a ƙasa, ya yi dariya, ya wuce.

Dariyar ba ta kai azahar ba. Da muka shiga ƙarƙashin manyan itatuwa haske ya ragu, kamar magariba ta yi da rana tsaka. Ni ina gani sarai, shi kuwa ɗan bututun da yake leƙe ta ciki sai da rana mai ƙarfi yake aiki. Ya yi tuntuɓe da saiwa, ya tashi, ya sake faɗuwa. A wannan gefen tsibirin ruwa ba ya sanin gravana, ƙasa duk santsi ce da gansakuka. A faɗuwa ta biyar tukunyar Juvenal ta gangara rami, sai da Juvenal ɗin ya sauka ya ɗauko ta yana ƙunƙuni.

Na kwance ɗankwalina, na ɗaura bakinsa ɗaya a jakata, na sa masa ɗayan a hannu.

"Me ye wannan? Akuya kika samu?"

"Riƙe, Yaya. Ba na son surutu."

Ya riƙe. Haka muka yi ta tafiya, ina cewa saiwa, dutse, sunkuya, rami a hagu. Muka ƙetare rafuka ban san adadinsu ba, wani ruwan har ƙugu. Muka kwana a kangon wani gidan gona da itace ya tsiro ta tsakiyar falonsa. Da safe Juvenal ya nuna mana tsohon layin dogo na ɗaukar koko da wata ƙatuwar ƙararrawa a kife cikin ciyawa. Hipolito ya durƙusa ya kawo fuskarsa dab da ita, ya bi rubutun jikinta da yatsa.

"Ka gani?" na tambaye shi.

"Na gani mana," ya ce.

A rana ta biyu da hantsi ciwon ya taso. Ya ce kamar ana buga masa ƙusa a idon dama, ciwon yana ratsawa har ƙeya. Idon ya yi ja wur, na taɓa fatar sama na ji shi da tauri kamar ɗanyen lemo. Ya yi amai sau uku. Juvenal ya kashe alade a ranar, na zauna ina yanka nama ina sa gishiri, yayana yana kwance a kan ganyen ayaba a gefena yana nishi yana cizon hannun rigarsa.

Juvenal ya ce, "Ina maganin da na ga yana ɗigawa? A ƙara masa mana."

Na ci gaba da yankan naman.

Komawa baya kwana biyu ne, ci gaba ma kusan haka. Juvenal ya ce gara mu sauka bakin teku a São Miguel, wani lokaci masunta kan ratso ta wurin. Washegari muka kama gangara. Hipolito ya daina nishi, ya daina magana, yana bin ɗankwalin kawai. In na ce ɗaga ƙafa ya ɗaga.

Wajen tsakar rana itatuwa suka buɗe, muka fito fili. Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba, kuma ba na jin zan sake gani. Baƙin rairayi ne shimfiɗe, kogi yana shiga teku, ga wasu ƙananan tsibirai uku kore shar a tsaye cikin ruwa, fararen tsuntsaye masu dogon wutsiya suna kewaya su. Babu mutum, babu sawun mutum. Na saki baki ina kallo, har na manta da wanda ke bayana.

Sai na ji ya ce, "Auta."

"Na'am, Yaya."

"Mun fito daga dajin?"

Na juya. Yana tsaye cikin rana tsantsa, fuskarsa a sama, idanunsa biyu a buɗe.

"Ina jin rana a goshina," ya ce. "Ina jin teku. Ta wane gefe take?"

Na kama kafaɗunsa na juya shi ya fuskanci ruwan. Ya juya kansa a hankali daga dama zuwa hagu yadda ya saba, ya sake dawowa. Ya murza idon hagu, wanda ba ya ciwo, ya sake gwadawa.

"Hayaƙi ne kawai," ya ce. "Fari-fari. Me ke wurin?"

Na buɗe baki in gaya masa, kuka ya ƙwace mini. Juvenal ne ya ce, "Tsibirai ne guda uku, Baba. Da tsuntsaye."

"Suna da kyau?"

"Ba laifi."

Hipolito ya zauna a kan rairayin, jakar tana bayansa bai sauke ba.

Kwana biyu muka yi a wurin muna jiran kwalekwale. Juvenal ya kafa rumfar ganye, ya hura wuta mai hayaƙi don a hango mu daga teku, ya ci gaba da bandar namansa. Hipolito bai ci komai ba sai ruwan kwakwa. A rana ta biyu da la'asar na tafi bakin kogi wanke tukunya. Da na ɗago sai na hango shi ya miƙe, yana tafiya shi kaɗai, hannuwa a gaba, ya nufi ƙarar ruwa. Na ɗauka fitsari zai yi. Ruwa ya kai masa gwiwa bai tsaya ba. Ya kai ƙugu bai tsaya ba.

Na yar da tukunyar na ruga. Kafin in isa igiyar ruwa ta buga shi ƙasa ta ja shi. Na cafko wuyan rigarsa, ya fizge, na sake cafkowa, muka nutse tare muka taso. Juvenal ya shigo ya kama ƙafarsa, muka ja shi waje kamar buhu. Yana tari yana amayar da ruwan gishiri, ni kuma na hau dukansa. Na mare shi, na naushe shi a ƙirji, ina ihu.

"Ni za ka yi wa haka? Ni za ka bar wa gawa a dajin nan? Me zan ce wa 'ya'yanka? Mugu! Azzalumi!"

Bai kare kansa ba. Da na gaji na zube a gefensa, ya ce a hankali, "Wanka zan yi."

"Ƙarya kake."

"To, ƙarya nake. Me kika ceto, Auta? Dube ni da kyau, ke da kike da ido. Me kika ceto?"

Washegari da safe wasu masunta biyu 'yan Porto Alegre suka ga hayaƙin suka matso. Da Hipolito ya ji ƙarar injin ya gane abin da ake shiryawa, ya ce shi ba zai shiga ba, da ƙafa ya ce zai zagaya, da ƙafa zai ƙarasa, saura kwana ɗaya da rabi kawai. Juvenal ya ce hanyar da ta rage hawa ce a bakin gangare, ko shi mai ido da rarrafe yake wuce wani wurin. Hipolito ya ƙanƙame wani kututture. Sai da maza uku suka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya suka ɗauke shi cak, yana zaginsu, yana zagina, yana kiran sunan mahaifiyarmu. A cikin kwalekwalen na zauna a kan ƙafafunsa har muka isa, don ban yarda da shi ba. Juvenal ya tsaya a bakin ruwa da karnukansa, bai ɗaga mana hannu ba.

Daga Porto Alegre muka shiga motar haya zuwa birni. Direban ya san shi, ya ce, "A'a, Sum Hipolito, kai ne a baya yau? Dawo gaba mana." Yayana ya yi kamar bai ji ba. Ya jingina kai da gilashi har muka iso.

Likitan ya haska idon dama ya ce wannan ya mutu. Na hagu saura ɗan abin da zai bambance dare da rana. Ya tambaya yaushe aka daina ɗiga magani. Hipolito ya ce shi bai riƙe lissafi ba. Na bi likitan har baranda na tambaye shi, da an kawo shi mako biyu da suka wuce fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Wataƙila. Wataƙila da ya samu shekara ɗaya ko biyu. Ba wanda zai iya rantsuwa." Ya shige wurin majinyaci na gaba.

Na kai shi gidana na ba shi ɗakin 'yata. Teburina kuwa na tarar maƙwabciyata ta sa ƙanwarta a kai, masu saye sun saba da ita, shugabar kasuwa ta ce wanda ya tafi wata biyu babu labari ya bar wuri. Ban yi jayayya ba, ba ni da ƙarfin yi. Na koma ɗaukar kifi a roba ina bin unguwanni. Kafin in fita sai in kwashe wuƙaƙe in kulle a akwati, in kulle ƙofar gida ta waje. 'Ya'yansa suka yi ta waya a makon farko suna cewa za su ɗauke shi a duba shi a Lisbon. Daga baya wayar ta koma ta ranar Lahadi, daga baya ta koma ta Kirsimeti.

Ya rame. Yini yake a bakin gado, rediyo a kunne, ba ya sauraro. Tsiyar da yake mini duk ta ƙare. In na ajiye abinci ya ce ya gode, kamar baƙo.

Wata na huɗu da dawowarmu, wata Asabar da rana ina yanke masa farce, na kasa ci gaba da riƙewa.

"Yaya, akwai abin da ban gaya maka ba. A Santa Catarina na ga kwalbar. Ranar da na wanke maka wando. Na san babu komai a ciki, na mayar, na yi shiru."

Bai janye hannunsa ba.

"Na sani," ya ce. "A aljihun hagu nake sa ta, na same ta a na dama."

"Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Jira nake ki yi. Kullum da yamma in na ɗaga kai ina matsa iska a idona, sai in ce yau Auta za ta ƙwace kwalbar nan ta jefe ni da ita, ta ja ni mota. Da kin ja ni da na bi ki. Tsoro nake ji, tun daga Neves. Amma ni na kawo maganar tafiyar a gaban matan kasuwa, da wane baki zan ce a koma?" Sannan ya ce, "Na ji kina waƙa a wurin bandar kifi. Tun rasuwar mijinki ban ji kin yi waƙa ba. Ƙarasa yanke farcen."

Na ƙarasa, har na yanke shi a ɗan yatsa.

Bayan mako guda ya sa maƙwabcinmu ya kai shi wurin sistocin coci masu gidan tsofaffi a hanyar Trindade, ya roƙe su da bakinsa su karɓe shi. Shekararsa hamsin da uku, shi ne mafi ƙuruciya a gidan. Na durƙusa na roƙe shi ya zauna, ya ce ba fushi yake ba, kawai ba ya son jin ƙarar makulli in na fita, kuma ba ya son jin numfashina in na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa.

Shekara uku ke nan. Kowace Lahadi bayan coci nakan dafa kalulu, miyar ganye da bandar kifi, in hau mota in kai masa. Wani lokaci ya fito mu zauna a kan benci, ya tambaye ni ko kifi yana tsada, in ce yana yi, ya tambayi 'yata, in ce tana lafiya. Wani lokaci sista ta dawo ta ce yau ba ya jin fitowa. Sai in ba ta kwanon, in zauna a bencin ni kaɗai har lokacin ziyara ya ƙare, in sauka bakin titi in jira mota.